Me ya sa tsofaffin motoci ke tafasa a hanyar Tambuwal da Kebbe, kuma daga ina ake fara neman cutar?

A ƙasashen Turai motar da ta shekara 30 ko 40 kayan tarihi ce. Masu hali ke sayenta, a wanke, a goge, a killace a rumfa, sai ranar baje koli a fito da ita a yi ɗan zagaye. A Tambuwal da Kebbe kuwa irin wannan motar ce ke kai buhunan gero da albasa kasuwa, ita ke kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare, ita kuma ke ɗauko ɗalibai daga Sakkwato ranar hutu. Golf 3 da kamfanin Volkswagen ya fara ƙerawa a 1991, da Sharan da ta fito a 1995 wadda direbobi ke kira Sharon, da ragowar Peugeot 504 da 505 da J5 da suka ƙi mutuwa, su ne ginshiƙin sufurin wannan yanki. Ita 504 ɗin ma 'yar gida ce, domin masana'antar Peugeot ta Kaduna da ta fara aiki a 1975 ta ci gaba da harhaɗa ta har tsakiyar shekarun 2000, bayan Faransa ta daɗe da daina yin ta.

Tambuwal tana kan babbar hanyar tarayya da ta taso daga Sakkwato ta bi ta Boɗinga da Shagari ta nufi Jega da Yawuri da Kwantagora, kimanin kilomita 100 daga babban birnin jiha. Daga ita ake ratsewa zuwa garuruwan Kebbe, ƙaramar hukumar da ta yi iyaka da jihohin Zamfara da Kebbi. A watannin Maris da Afrilu da Mayu zafin rana a wannan ƙasa kan haura digiri 40, kwalta kuma ta fi haka zafi nesa ba kusa ba. Duk wanda ya bi hanyar da bazara ya san abin da ake gani: mota a gefen titi, bonet a buɗe, tururi na tashi, fasinjoji sun fake a inuwar dogon yaro, yaron mota ya ɗauki jarka ya nufi rijiya mafi kusa.

A da, wannan ɓata lokaci ne kawai. Yanzu ya wuce nan. Tun da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma wuce 1,000 a ƙarshen 2024. Darajar naira ta faɗi, kayan gyaran mota da kusan dukkansu daga waje ake shigo da su suka yi tashin gwauron zabo. Shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa kuwa an haramta shi tun farkon 2017, abin da ya ƙara wa 'yar Kwatano tsada. Direban da injinsa ya ƙone a yau yana iya rasa sana'arsa baki ɗaya. Ga kuma matsalar tsaro: a sassan Kebbe da ke maƙwabtaka da dazuzzukan Zamfara, inda 'yan bindiga suka sha kai hare-hare a 'yan shekarun nan, lalacewar mota da yamma a tsakiyar daji magana ce ta rai.

Abin takaicin shi ne mafi yawan injinan da ke ƙonewa ƙaramin abu ne ke kashe su, abin da kuɗinsa bai kai na litar fetur goma ba. Ana rasa su ne saboda ba a bin cutar daki-daki.

Inda zafin ke fitowa, da inda ya kamata ya tafi

Inji wuta yake hurawa a cikinsa. Daga ƙarfin da ke cikin fetur, kusan kashi ɗaya bisa uku ne kawai ke juya taya. Wani kason makamancin haka yana fita ta salansa, saura kuma ya zama zafi a jikin ƙarfe, wanda tilas a kwashe shi. Ruwa ne ke wannan dako. Famfon ruwa yana tura shi ta ramukan da ke kewaye da silinda, ya ɗebo zafi, ya bi tiyon sama ya shiga lagireto. A can yana ratsa siraran bututu, iskar da ke bugowa daga gaba ko wadda fanka ke jawowa ta rage masa zafi, ya dawo ta tiyon ƙasa. Tsakanin inji da lagireto akwai wata 'yar ƙofa, tamostat, wadda ke rufe har sai ruwan ya kai wajen digiri 80 zuwa 90 sannan ta buɗe.

Lagireto ba ya ƙirƙirar sanyi. Abin da yake yi shi ne miƙa zafin ruwa ga iska, kuma gwargwadon tazarar da ke tsakanin zafinsu ne aikin ke sauri. Golf ɗin da aka ƙera don titunan Jamus, inda digiri 25 rana ce mai daɗi, idan ta zo Dogon Daji a watan Afrilu tana shaƙar iska mai digiri 43, an rage mata wannan tazara sosai. A ɗora mata mutum biyu a kujerar gaba, huɗu a baya, but a cike har an ɗaure shi da igiya, sai a ga duk rarar da masu ƙira suka bar mata ta ƙare. Ɗan lahanin da a Turai ba za a ma lura da shi ba, a nan shi ke tsayar da tafiya. Tsofaffin direbobi har yanzu suna yabon Bitil, wadda aka riƙa harhaɗawa a Legas tun 1975, don ita ba ta da lagireto kwata-kwata, iska ce ke sanyaya ta. Sai dai sukan manta cewa ita ma idan fambel ɗinta ya tsinke, cikin 'yan mintuna take gasa kanta.

Murfin da aka raina

Babu abin da ake wulaƙantawa a tsohuwar mota kamar murfin lagireto. Wani ya ɓace an toshe bakin da tsumma da leda, wani robarsa ta tsage shekaru biyu da suka wuce, wani kuma na wata mota ne daban aka murɗa don ya shiga. Alhali murfin nan shi ke riƙe da rabin lafiyar injin.

Ruwa a buɗaɗɗiyar tukunya yana tafasa a digiri 100, ba ya wuce nan. Idan aka rufe shi aka matse, ma'aunin tafasarsa sai ya ɗaga. Murfin lagireto yana da sifirin da aka auna don ya riƙe matsi, kuma lambar da ke rubuce a kansa, 0.9 ko 1.1 ko sama da haka, ita ce adadin matsin. Murfin da ke riƙe 1.0 yana ɗaga tafasar ruwa zuwa kimanin digiri 120. Wannan ƙarin digiri 20 shi ne bambancin motar da ta hau gangare da lodi ta wuce, da wadda ta tsaya tana aman ruwa. Kuma da zarar ruwa ya fara tafasa a cikin kan inji, tururi ne ke taɓa ƙarfe a maimakon ruwa, tururi kuwa ba ya kwasar zafi yadda ya kamata. Daga nan abin sai ya riƙa haihuwar kansa.

Don haka motar da ke zubar da ruwa ta ɗan siririn tiyon da ke wuyan lagireto alhali allura ba ta kai ja ba, ko wadda kullum sai an ƙara mata ruwa amma ba a ga inda take yoyo ba, murfinta ne abin fara dubawa. A Golf da Sharon murfin yana kan farar robar ajiyar ruwa da ke gefen inji, ita ma robar takan tsage idan ta tsufa, tsagewar da ba a gani sai ta yi zafi.

Lokacin da allura ke hawa shi ne shaida

Ƙwararren bakanike ba ya fara da sifana. Tambaya yake fara yi: yaushe take ɗaukar zafi? Amsar tana rage masa rabin aiki.

Idan mota tana lafiya a kan doguwar hanya, amma da an shiga cunkoson ranar kasuwa ko an tsaya a shingen jami'an tsaro sai allura ta fara hawa, matsalar iska ce. A guje, iskar gaba ta wadatar da lagireto. A tsaye, fanka ce kaɗai gatansa. A tsofaffin motoci irin 504, inda inji ke juya fanka, a duba fambel ko ya saki ko ya yi santsi, a kuma duba ko an cire robar da ke kewaye da fanka, wadda makanikai da yawa ke yarwa suna ganin ado ce, alhali ita ke tilasta wa iska ta ratsa ta cikin lagireto. A Golf 3 da sa'o'inta fankar ta lantarki ce, akwai makunni a jikin lagireto da ke tashin ta idan ruwa ya yi zafi. Fis, ko rile, ko wannan makunni, ɗayansu ne yawanci ke mutuwa, kuma mai wayarin zai gano cikin minti goma. Akwai wani kuskure da ake yawan yi bayan gyara: a juya wayoyin fanka, ta riƙa tura iska gaba maimakon jawo ta. Takarda ɗaya da aka ɗora a gaban lagireto za ta tona asiri, domin idan fankar na aiki daidai za ta manne.

Idan kuwa akasin haka ne, mota tana lafiya cikin gari amma da an kama hanyar Jega an taka ta sai zafi ya taso, to ruwan ne ba ya gudana yadda ya isa, ko lagireto ya gaza. Bututun cikinsa sun toshe, ko fukafukan famfon ruwa sun cinye da tsatsa, ko tiyon ƙasa ya yi laushi har yana tsukewa idan famfo ya ja da ƙarfi. Bayan an kashe inji, a shafa hannu a jikin lagireto cikin hattara: inda ya yi sanyi alhali kewayensa da zafi, nan ne ya toshe. Ta waje ma yakan toshe. Ƙurar hunturu da ƙaiƙayi da ƙwarin damina suna cika tsakanin siraran fukafukansa, kuma wanke shi da ruwa daga baya zuwa gaba kan sauke allura fiye da yadda ake zato.

Zafin da ke tasowa cikin 'yan mintuna da tayar da mota, inji kamar wuta amma lagireto da sanyi, alama ce ta tamostat da ya maƙale a rufe, ko iskar da ta shige cikin hanyar ruwa bayan an canza tiyo ba a fitar da ita ba. A motoci masu kafireto akwai ƙarin wani abu da ake mantawa: idan saitin wuta ya yi baya, ko an matse mai fiye da kima don tsimin fetur, inji yakan yi zafi ko da komai na ɓangaren ruwa lafiya lau yake. Tun da fetur ya yi tsada, wannan matsewar ta yawaita.

Rigimar tamostat

Kusan duk motar da ta sauka daga Kwatano, abin da ake fara yi mata shi ne a cire tamostat a jefar, a haɗa fanka kai tsaye da makulli ta riƙa juyawa ba tsayawa. Hujjar makanikai sananniya ce: don ƙasar sanyi aka yi shi, nan kuwa Sakkwato ce. Maganar tana da daɗin ji, kuma ba daga banza ta samo asali ba. Tamostat da ya maƙale a rufe yana iya kashe inji a tafiya ɗaya, na jabu kuma sun cika kasuwa, don haka bakanike yana ganin gara ya kawar da abin da zai jawo masa zagi.

Amma tamostat mai lafiya, da zarar ya buɗe, ba ya hana ruwa wucewa. Motar da ke tafasa da lafiyayyen tamostat za ta tafasa ko babu shi, sai dai ta ɗan jinkirta. Cire shi yana ɓoye ainihin cutar ne na 'yan makonni. A injina da yawa ma, ciki har da na Volkswagen, tamostat aiki biyu yake yi: yana buɗe hanyar lagireto, yana kuma rufe wata gajeriyar hanya da ruwa ke zagayawa cikin inji lokacin da yake da sanyi. Idan aka cire shi, wannan hanya ta zauna a buɗe, wani kaso na ruwan ya riƙa kewaya inji bai taɓa leƙa lagireto ba.

Sannan Sakkwato ba kullum take da zafi ba. Da asubahin Disamba da Janairu sanyi kan sauko ƙasa da digiri 20 sosai. Injin da ba shi da tamostat yakan daɗe bai kai zafin aikinsa ba, kuma a motocin da kwamfuta ke auna musu mai, muddin ta ga inji da sanyi za ta ci gaba da ƙara masa fetur. Direban da ke kukan motarsa na shan mai, sau da yawa a kwandon sharar gareji ya baro dalilin. Gwada tamostat kuwa ba ya buƙatar na'ura: a jefa shi cikin tukunyar ruwa a kan wuta, idan ya buɗe kafin ruwan ya tafasa, ya kuma rufe da ya huce, lafiyarsa ƙalau.

Ruwan rijiya

Duk wanda ya leƙa cikin tsohuwar butar mai shayi ya ga farin dutsen da ke manne a gindinta. Abin da ruwan rijiya da na burtsatse ke yi wa lagireto ke nan, domin da yawansu na ɗauke da ma'adinai da ke daskarewa idan an dafa su. Ƙasar Sakkwato dama an san ta da farar ƙasa, ita ce ma ta sa aka kafa masana'antar siminti a Kalambaina. Ruwa zalla kuma yana cin ƙarfe. Injin 504 gangar jikinsa baƙin ƙarfe ce, kansa kuma alminiyom, irin haɗin da tsatsa ke so. Jan ruwan da ke fitowa daga lagireto kamar an jiƙa jar ƙasa, naman injin ne ke narkewa.

Ruwan lagireto na kanti, kore ko ja, da yawa suna ɗauka maganin daskarewar ƙanƙara ne kawai, don haka ba shi da amfani a nan. Babban aikinsa a ƙasa mai zafi shi ne hana tsatsa da kare famfon ruwa, yana kuma ɗan ɗaga ma'aunin tafasa. Wanda bai da halin saye, ruwan sama da aka tara a mazubi mai tsabta aka tace ya fi na rijiya sauƙin illa. Gargaɗi ɗaya: sinadarin da ke cikin ruwan kanti guba ne mai zaƙi, yana kashe ƙoda. Ba a zuba shi a gorar lemo a ajiye inda yara ko awaki za su kai.

Dabarun kan hanya kuwa, fasa ɗanyen ƙwai ko zuba garin barkono a lagireto, ko liƙe huda da sabulu, suna iya kai mota gari na gaba, kuma a dajin da ba a son kwana babu mai ganin laifin direban da ya yi su. Laifin yana ga wanda ya iso gari ya ci gaba da lodi har wata uku da ƙwai a lagireto, domin abin da ya toshe huda shi ne zai toshe bututu.

Idan ta riga ta tafasa

Allura na kai wa ja, a kashe esi, a kunna hita idan har yanzu tana haɗe, don ita ma ƙaramin lagireto ce, a nemi wuri a tsaya. Kada a buɗe murfi. Ruwan da ke ciki ya wuce digiri 100, matsi ne kaɗai ya hana shi tafasa, kuma ana sassauta murfin zai yi tsartuwa ya sale fuska da hannu. Yaran mota da yawa na ɗauke da wannan tabo. A jira aƙalla rabin sa'a. Kada kuma a kwara ruwan sanyi a kan inji ko cikinsa yana tsananin zafi, domin kan alminiyom yana lanƙwashewa ko ya tsage.

Abin da ake tsoro shi ne ƙonewar gaskit ɗin da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa. Alamominsa ba sa ɓuya: kumfa na tasowa a bakin lagireto ba ƙaƙƙautawa, farin hayaƙi mai kauri daga salansa bayan inji ya yi zafi, tiyo ya yi tauri kamar taya jim kaɗan da tayarwa, ko baƙin mai ya koma kalar shayi mai madara. A nan ma ana yawan yin asara sau biyu. A canza gaskit ba a kai kan inji an auna ko ya lanƙwashe ba, ba a kuma nemo abin da ya fara jawo zafin ba, bayan wata guda sabon ma ya ƙone, a ce kayan yanzu ba su da kyau. Wani lokaci gaskiya ne. Sau da yawa kuwa tsohon murfin nan ne aka mayar.

Esi: gas ba ya ƙarewa, zurarewa yake yi

Yawancin motocin haya na wannan yanki an daɗe da cire musu bel ɗin esi, gilashi a sauke shi ne sanyinsu. Masu motocin gida da ma'aikata da ke zirga-zirga tsakanin Tambuwal da Sakkwato su ne ke fama da gyaransa. Kuma zafin da ake ciki ya sa batun ya fara fita daga sahun jin daɗi. A ranar 3 ga Afrilun 2024 an auna digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali, a wani zafi da ya game yankin Sahel, wanda masana yanayi suka danganta tsananinsa da ɗumamar duniya. Ga jariri ko tsoho ko mara lafiya da ake kaiwa asibitin koyarwa na Sakkwato da tsakar rana, motar da ke sanyi tana da bambanci.

Na'urar esi rufaffiyar hanya ce. Kwamfuresa tana matse gas, ya bi ta kwandensa da ke gaban lagireto ya zubar da zafinsa ya zama ruwa, ya ratsa wata 'yar ƙaramar kafa ya shiga wani ƙaramin lagireto da ke ɓoye a bayan dashbod, a can ya sake zama iska yana tsotse zafin cikin mota. Ba a ƙona gas ɗin, ba a cinye shi. Idan ya ragu, to akwai inda yake fita. Mai gyaran da ke ƙara gas duk wata biyu bai nemi huda ba, kuɗin mai mota kawai yake saki a iska. Hudar ba ta da wuyar gani, domin gas yana tafiya da mai, duk mahaɗar da aka ga ta yi maiƙo ƙura ta manne mata, nan ne. Ruwan sabulu ma yana nuna ta.

Sauran alamomin suna bin irin tsarin da aka gani a baya. Esin da ke sanyi a guje amma ya daina a tsaye, fanka ce ko kwandensa ta toshe da datti. Wanda ba a jin ƙarar kamawar kwamfuresa idan an kunna, a duba fis da wayoyi, ko kuma gas ya yi ƙasa har makunnin kariya ya hana ta tashi. Masu haɗa wayar kai tsaye don su tsallake wannan makunni suna tura kwamfuresa ta yi aiki ba mai, ta ƙone. Wanda ke sanyi na minti goma ya ɗauke, a kashe a kunna ya dawo, galibi danshi ne ya shiga yana daskarewa a bakin 'yar kafar nan. Maganinsa a canza diraya, a kuma zuƙe iskar ciki da famfon zuƙa kafin a zuba sabon gas, matakin da masu gyaran bakin titi da yawa ke tsallakewa don ba su da famfon. Cika gas fiye da kima shi ma yana rage sanyi.

Kada a manta kwandensa a gaban lagireto take, duk zafin da ta kwaso daga cikin mota a fuskarsa take zubarwa. Motar da ke tafasa sai an kunna esi, ba esin ne ke da laifi ba, ɓangaren ruwanta ne dama yake gab da gazawa.

Gas ɗin da ke cikin gwangwani

Motocin da aka ƙera kafin farkon shekarun 1990 da gas mai suna R12 suka zo. Yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta haramta shi saboda yana cinye rufin sararin samaniya da ke tare hasken rana mai cutarwa, kuma wa'adin ƙasashe masu tasowa irin Najeriya ya cika a farkon 2010. R134a ne ya gaje shi. Sai dai man kwamfuresar da R12 ke tafiya da shi ba ya gauraya da R134a, don haka tsohuwar 504 ko 505 da aka ɗura wa sabon gas ba a wanke hanyar an canza mai da robobin mahaɗa ba, kwamfuresarta ba za ta yi nisa ba. Shi ma R134a kwanansa ƙidayayye ne. Ƙarfinsa na ɗumama duniya ya ninka na iskar kabon sau 1,430, kuma gyaran Kigali na 2016, wanda Najeriya ta amince da shi a 2018, ya tanadi a riƙa rage irinsa sannu a hankali. Sababbin motocin Turai tun 2017 sun koma wani gas, R1234yf, kuma su ne 'yan Kwatanon gobe.

Haɗarin da ya fi kusa shi ne gwangwanin jabu. A 2011 wasu kwantenonin sanyi sun fashe a tashoshin jiragen ruwa na Biyetnam da Birazil, mutum uku suka mutu, bincike kuma ya gano gas na jabu ne da aka sayar da sunan R134a, gauraye da wani sinadari da ke cin alminiyom. Akwai kuma masu ɗura gas ɗin firji mai kama wuta, ko na esin ɗaki wanda matsinsa ya fi ƙarfin tiyon mota. Mai mota a Tambuwal ba shi da hanyar sanin abin da ke cikin gwangwani. Wannan aikin hukumar kula da ingancin kayayyaki ta SON ne, da hukumar kwastan, da ofishin da ke kula da waɗannan sinadarai a Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya.

A nan ne batun ya shiga hurumin masu riƙe da madafun iko. Mazaɓar Kebbe da Tambuwal ba baƙuwa ba ce a siyasar ƙasa: ita ta fitar da Aminu Waziri Tambuwal, wanda ya zama Kakakin Majalisar Wakilai a 2011, ya kuma yi gwamnan jiha daga 2015 zuwa 2023. A ko'ina cikin Arewa an saba ganin rabon babura da motoci da kekunan ɗinki da sunan tallafi. Abin da garejin karkara ke buƙata ya fi wannan araha: famfon gwada matsin lagireto da murfinsa, famfon zuƙe iskar esi, ma'aunin gas, da horon 'yan makonni ga yaran da ke koyon aiki, wanda za a iya shiryawa ta hannun ƙungiyar makanikai ta NATA da asusun horar da ma'aikata na ITF. Ƙungiyar direbobi ta NURTW, da ke karɓar kuɗi a kan kowace motar da ta yi lodi a tasha, tana da ikon hana motar da aka toshe lagiretonta da tsumma ɗaukar fasinja zuwa Kuchi da la'asar. Jami'an kiyaye haɗurra da ke tsayawa a kan hanyar Sakkwato zuwa Jega suna tambayar takardu da abin kashe gobara. Duba abin da ke ƙarƙashin bonet ba ya cikin abin da aka saba gani suna yi.

Shirin gwamnatin tarayya na mayar da motocin haya masu amfani da iskar gas ta CNG, da aka ƙaddamar a 2023, zai ƙara wa wannan batu nauyi idan ya iso yankin sosai. Fetur yana ɗan sanyaya bawul yayin da yake shiga silinda, busasshen gas kuwa ba ya yi, don haka kan inji yakan fi jin jiki. Tukunyar gas ɗin ma nauyi ce a but ɗin da dama a cike yake. Golf mai shekara 30 da za a kai wurin juyawa tana buƙatar a fara wanke lagiretonta, a mayar mata da tamostat, a saya mata murfi mai lambar da masu ƙira suka rubuta.